Yadda ake haɗa ƙaramin layin dogo na farko a gida, kamar yadda Baba ya koya mini

Tun ranar da wasu 'yan'uwa suka ga ƙaramin jirgin ƙasan da ke kai da kawowa a kan katako a falona, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, daga Kano, daga Zariya, har daga Damagaram: yaya ake haɗa wannan abu, da me ake farawa, nawa kuma zai ci? Amsa guntu-guntu a waya ba ta gamsar da kowa, shi ya sa na zauna na rubuta ta daga farko har ƙarshe.

Ilimin ba nawa ba ne. Na same shi a hannun wani dattijo Bature a kulob ɗin masu ƙananan jiragen ƙasa da nake zuwa a arewacin Ingila. Yana saurayi ya shiga kulob ɗin, yanzu ya haura shekara 70, kuma ko kwabo ba a taɓa biyansa ba. Makulli a hannunsa yake. Shi ke riga kowa zuwa ya kunna hita, ya ɗora butar shayi, ya goge layin gwaji, shi ne kuma na ƙarshen fita. Su can da sunansa suke kiransa kai tsaye, yaro da babba. Ni bakina ya ƙi, Baba nake ce masa, ya kuwa amsa.

Abin da za mu haɗa shi ne tsarin da ake kira Inglenook, wanda wani Bature mai suna Alan Wright ya yaɗa: layi ɗaya da ya rabu rassa uku, kan jirgi ɗaya, taragu 8, duka a kan katako mai tsawon santimita 122 da faɗin santimita 30. Da shi Baba ke fara koya wa duk sabon zuwa.

1. Ka gani da idonka kafin ka taɓa aljihu

Idan kana ƙasar da ake da kulob, je ka sau biyu ko uku kafin ka sayi komai. A Ingila da wuya ka sami babban gari da babu. Na Landan, The Model Railway Club, tun 1910 yake, yana kusa da tashar King's Cross. Yawancinsu dare ɗaya ko biyu suke buɗewa a mako, kuma baƙo na iya zuwa kallo kafin a yi masa maganar kuɗin rajista. Ka riƙe kan jirgi a hannunka, ka ji nauyinsa, ka leƙa ƙarƙashin teburansu ka ga yadda wayoyi suka bi.

Idan kana gida, inda babu irin wannan kulob, nemi mutum biyu: kafinta mai haƙuri da mai gyaran rediyo. Rabin aikin nan nasu ne.

Hattara: kada ka fara da kwalin nan na kyauta mai layi zagayayye. Yana buƙatar tebur mai faɗin kusan mita ɗaya, jirgin ya yi ta zagaye, bayan mako ɗaya ka gundura. Baba ya ce ya ga irin waɗannan kwalaye da yawa sun ƙare a saman silin.

2. Zaɓi sikeli ɗaya ka tsaya a kansa

Sikeli shi ne yadda aka rage girman jirgin gaske. A Ingila wanda ya fi yawa shi ne OO, inda aka rage jirgi sau 76, tazarar ƙarafan layi kuma milimita 16.5 ce. A Amurka da sauran Turai HO ne, an rage sau 87, amma layin ɗaya ne, milimita 16.5. Akwai N, mai tazarar milimita 9, wanda ya kusa rabin OO. Akwai O, mai milimita 32, kyakkyawa amma mai tsada da cin wuri.

Ni OO nake ba da shawara, kuma a kansa duk ma'aunan da ke ƙasa suke. Kayansa na hannu sun fi yawa da araha, ido yana ganinsa ba wahala, kuma ƙura ba ta tsayar da shi da sauri kamar N. Ga wanda ke zaune inda ake hunturu mai ƙura, wannan dalili na ƙarshe kaɗai ya isa.

Hattara: OO da HO suna hawa layi ɗaya, amma idan ka jera su tare za ka ga taragon Ingila ya fi na Amurka ƙiba ba bisa ƙa'ida ba, ƙugiyoyin da ke haɗa su ma sun bambanta. Kada ka gauraya.

3. Kaya da kuɗinsu

Ga abin da za ka nema, da kimanin abin da na kashe ko na ga ana sayarwa a nan:

Kan jirgi gajere na jan taragu a tasha. Ƙarami na kamfanin Hornby mai ƙafa huɗu yana kamawa wajen fam 40 zuwa 50. Wanda ya fi shi nesa ba kusa ba shi ne mai ƙafa shida, irin Class 08 na Bachmann ko Hornby, sabo ya haura fam 100, na hannu kan samu ƙasa da haka sosai.

Taragun kaya gajeru guda 8, kowane da kalarsa ko kamanninsa daban. Na hannu fam 5 zuwa 10 kowane a teburan baje koli. Sabbi sun ninka haka sau biyu ko uku.

Mararraba biyu, wato guntun layin da ke raba hanya. Ka nemi na kamfanin Peco mai ƙaramar kwana, SL-E91 na dama da SL-E92 na hagu. Kowace wajen fam 15 zuwa 20.

Layi mai lanƙwasuwa, Peco SL-100, sanda uku. Kowace sanda milimita 914 ce. Sai fakitin mahaɗan ƙarfe SL-10, da ƙananan ƙusoshin layi, da tokare huɗu na ƙarshen layi.

Kwantirola, wato na'urar ƙara wa jirgi gudu da rage shi, mai ba da wutar DC (irin ta batiri) volt 12, irin Gaugemaster Combi, wajen fam 50.

Katakon filawud mai kaurin milimita 9, da katakon firam inci 2 da inci 1, da farin gam na kafintoci wanda ake rubuta PVA a jikinsa, da tsakuwar layi ƙarama, da fenti, da siririyar waya kala biyu.

Kayan aiki kuwa: zarto, injin huda, sukurudireba, ƙaramin magagari, almakashin yanka layi na Xuron ko siririn zarton ƙarfe, ƙarfen narka dalma mai watt 25 zuwa 40, dalma, da mita ta masu gyaran rediyo. Idan ka bi ta kayan hannu, fam 200 zuwa 250 za su kai ka. Mai odar kaya zuwa gida ya ƙara kuɗin jigila da na kwastan a lissafinsa, ya kuma sayi katako, gam, fenti da waya a kasuwar garinsu.

A kan jirgi ne kaɗai nake cewa kada a yi ƙwauro. Wannan tsari gaba ɗayansa tafiyar hawainiya ce, kuma injin da ba ya iya rarrafe a hankali zai ɓata maka rai kullum. Idan na hannu za ka saya, sa mai shi ya ɗora maka a kan layi, ka ga ya tashi a hankali gaba da baya ba tare da an tura shi da yatsa ba.

Hattara: tsohon layin ƙarfe zalla, wanda maganaɗisu ke kamawa, yana tsatsa. Ko kyauta aka ba ka, bar shi. Na yanzu gaurayen tagulla da nikel ne, ba ya tsatsa.

4. Auna taragunka kafin ka yanke komai

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, domin zuciya tana gaggawar ganin layi a shimfiɗe. Ƙa'idar Inglenook ita ce 5, 3, 3. Dogon reshe ya ɗauki tarago 5, gajerun rassa biyu kowane 3, wuyan layin kuma, wato inda jirgi ke ja da baya kafin mararraba ta farko, ya ɗauki kan jirgi da tarago 3, ba ƙari.

Haɗa taragunka da ƙugiyoyinsu a kan sandar layi, ka ja su su miƙe, ka auna. Gajeren tarago da ƙugiyarsa wajen santimita 9 ne, saboda haka biyar za su ci wajen 45, uku wajen 27, wuya kuma wajen 40 idan an haɗa da kan jirgi. Kowace mararraba santimita 18.5 ce. Amma naka za ka auna, kada ka dogara da nawa.

Sai ka shimfiɗa takarda mai girman katakon a ƙasa, ka ɗora mararrabun, ka ɗora taragun, ka tura su da hannu. Bayan kowace mararraba ka bar wajen santimita 7 da ba ka lissafa cikin tsawon reshe ba, domin a nan taragon da ke tsaye zai iya gogar wanda ke wucewa a reshen kusa. Idan komai ya zauna, zana layin da fensir.

Hattara: idan wuyan ya yi tsawon da zai ɗauki tarago 4, wasan ya mutu, domin ya zama da sauƙi. Idan ya gaza 3 ko da rabin santimita ne, ƙafar taragon ƙarshe za ta tsaya a kan harshen mararraba, wato siririn ƙarfen da ke motsi ya zaɓi hanya, ba za ka iya juya ta ba. Ranar da na nuna wa Baba zanena, sai ya ɗauko tarago ya ɗora a daidai wurin, ya ce, "Ɗana, juya mini ita in gani." Ta ƙi juyuwa. Muka ƙara santimita biyu a takarda, katako bai san an yi ba.

5. Haɗa katakon

Yanke filawud santimita 122 da 30. Fallen filawud cikakke faɗinsa 122 ne, saboda haka yanka ɗaya kafinta zai yi maka. Yi firam a ƙarƙashinsa, da sanduna biyu ko uku a tsakiya, tazarar wajen santimita 30 zuwa 40. Sa gam, sa ƙusa mai zare. Kafin ka ɗaura sandunan tsakiya, huda ramuka biyu a kowace domin waya ta wuce, kuma duba zanenka kada sanda ta faɗo daidai ƙarƙashin harshen mararraba, ko da wata rana za ka so sa mata injin juyawa.

Ɗora shi a kan daɓe mai lebur ka danna kowace kusurwa. Idan yana rawa, gyara yanzu.

Hattara: shafa fenti ko banish a sama da ƙasa da gefuna duka. Katako yana shan danshin damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, kuma wannan motsi ya fi zafin rana lanƙwasa layi. Wanda ya shafa gefe ɗaya kawai zai ga katakon ya yi doro. A inda ake fama da gara, a sa magani kafin fenti, kuma kada a ajiye shi a ƙasa jingine da bango.

6. Shimfiɗa layi

Da mararrabu ake farawa, sauran layi ya biyo su. Haɗa biyun da mahaɗan ƙarfe, ka ɗora a kan zanen, ka sa ido daidai da ƙarfen ka hango shi kamar mai duba miƙewar sanda. Duk wata 'yar karaya a mahaɗa, ido zai gan ta daga nan, ko da ba a ganinta daga sama.

Sai ka yanke layin rassan da na wuya. Bayan kowane yanka, bi bakin ƙarfen da magagari har sai yatsa bai ji kaifi ba. Cire matashi ɗaya, wato ɗan katakon roba da ke ƙarƙashin ƙarfe, daga kowane ƙarshe domin mahaɗi ya sami wurin shiga. Ajiye su, daga baya za ka aske musu kai ka zura su a gurbinsu. Mahaɗi ya shiga da ɗan ƙarfi. Wanda ya shige salin-alin ya yi sako-sako, ka matse shi kaɗan da filaya ko ka canza shi.

A kowace mahaɗa bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya, wajen rabin milimita. Sanda ɗaya ta layi tana ƙara kusan sulusin milimita idan zafi ya hau da digiri 20, kuma ɗakin da ke da sanyi da asuba a watan Janairu ba shi ne na azahar a watan Afrilu ba.

Huda matashi da siririn abin huda kafin ka sa ƙusa, ƙusa ɗaya a kowane santimita 10 zuwa 15. Tura ta da filaya ko bakin sukurudireba.

Hattara: kada ka bi ƙusa da guduma har ta danne matashi. Idan tsakiyarsa ya lotsa, ƙarafan biyu za su matso juna, tazarar ta ragu, tarago ya riƙa hawa yana gocewa, kai kuma ka yi ta zargin taragon. Baba yana zura 'yar takarda tsakanin kan ƙusa da matashi. Idan ta shiga, ya yi daidai. Kuma kada ƙusa ta kusanci harshen mararraba.

7. Wuta

Jirgin yana shan wuta daga ƙarafan biyu ta ƙafafunsa. Kan jirgi ɗaya gare ka, saboda haka DC ta wadatar. Tsarin DCC, wanda ke sa a tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya ta wata 'yar na'ura da ake sa wa kowane, abu ne mai kyau, amma ba yau ba.

Waya biyu kawai kake buƙata, kuma a wuya za ka sa su, kafin mararraba ta farko. Huda rami kusa da kowane ƙarfe ta waje. Kankare gefen ƙarfen ya yi haske, shafa masa dalma kaɗan, shafa wa bakin wayar ita ma, sannan ka haɗa su ka taɓa da ƙarfen zafi daƙiƙa biyu ko uku. Idan ka daɗe, matasan roba za su narke. Ka koya a kan guntun layin da ka yanke kafin ka taɓa na gaske. Jar waya a ƙarfen baya, baƙa a na gaba, ka rubuta hakan a ƙarƙashin katako da biro.

A tsakiyar mararraba akwai inda ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini, Turawa suna ce masa kwaɗo. Peco na yin mai kwaɗon roba, Insulfrog, da mai kwaɗon ƙarfe, Electrofrog. SL-E91 da SL-E92 masu kwaɗon ƙarfe ne, na ce ka saye su ne saboda gajeren kan jirgi da ke rarrafe yakan cije a kan na roba, inda babu wuta. Muddin daga wuya kaɗai wuta ke shiga, rassan kuma ba su koma sun haɗu da komai ba, ba ka buƙatar wani ƙarin aiki. Reshen da ka juya wa mararraba shi ke samun wuta.

Hattara: idan wata rana ka ƙara waya a cikin rassan, dole ka sa mahaɗan roba, SL-11, a ƙarafa biyun da suka fito daga kwaɗon. In ba haka ba, da ka juya mararraba wuta za ta haɗe, kwantirola ta ɗauke.

Hattara ta biyu, wadda ta fi kowace: wutar bango ba ta zuwa kusa da layi. Kwantirolar Ingila volt 230 take sha, filoginta mai baki uku kuma irin wanda ake amfani da shi a Najeriya ne, sai dai inda wuta ke hawa da sauka ko ana kan janareta, a bi da ita ta sitabilaiza. Ta Amurka volt 120 ce, za ta ƙone. Mai son amfani da batirin volt 12 da 'yar na'urar rage gudu, lallai ya sa fiyus na amp 1 ko 2, domin batiri na iya narka waya idan ƙarafan suka haɗu. Kuma idan ka kai jirginka kulob, tambaya kafin ka ɗora shi: kan jirgin DC da aka bari a layin DCC zai yi ta ƙugi har motarsa ta ƙone.

8. Mako biyu na gwaji

Wannan mataki ba shi da kayan aiki, kuma shi aka fi tsallakewa. Dokar Baba ce: ba fenti, ba tsakuwa, ba ciyawa, sai jirgi ya yi mako biyu yana aiki a kan tsiraicin katako. Kowane tarago ya shiga kowane reshe, a ja shi, a tura shi, a juya shi a sake.

Idan tarago ɗaya ne ke gocewa a ko'ina, laifinsa ne. Auna tsakanin bayan ƙafafunsa biyu, ya kamata ya zama milimita 14.5. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don haka, kuma ana iya murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta har ta daidaita. Idan ya cika rashin nauyi, liƙa masa ɗan ƙarfe a ciki. Idan kuwa taragu daban-daban ne ke gocewa a wuri ɗaya, laifin layi ne, koma mataki na 6. Idan kan jirgi na tsayawa a wuri ɗaya, ɗora mita a kan ƙarafan ka bi su har inda wuta ta ɓace. Sau da yawa mahaɗi ne ya saki, ko datti ya shiga tsakanin harshen mararraba da ƙarfen da yake jingina da shi. Duba tsayin ƙugiyoyi ma, domin wadda ta sunkuya takan kama mararraba.

Na taɓa tambayarsa me ya sa har mako biyu. Ya ce a shekarun da ya yi yana tsayawa bayan tebur a wurin baje koli, bai taɓa ganin yaro ya juya baya don bishiya ba ta yi kyau ba, amma da jirgi ya tsaya aka sa yatsa aka tura shi, sai ka ga an ja hannun uba an yi gaba.

9. Fenti da tsakuwa

Shafa wa gefen ƙarafan fenti mai kalar tsatsa da siririn buroshi, ka goge samansu da tsumma tun bai bushe ba. Kada fenti ya taɓa inda harshen mararraba ke jingina, ta nan wuta ke bi.

Tsakuwa ta fi komai cin lokaci. Sayi mai laushi. Da yawa a kulob ɗinmu ta sikelin N suke sa wa OO, domin wadda aka rubuta wa OO takan yi girma a ido. Zuba da cokalin shayi, kaɗan-kaɗan, ka baje da busasshen buroshi har ta zauna tsakanin matasai, ba a kansu ba. Ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan cokali, ragowar za ta gangara. Sai ka fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, daga nesa, ya sauka kamar raɓa. Haɗa farin gam da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulu ɗaya, ka ɗiga da sirinji har ko'ina ya yi fari kamar an zuba madara. Kada ka tsorata, zai bushe ya ɓace. Ba shi kwana ɗaya zuwa biyu.

Yi santimita 20 ka tsaya, gobe ka ci gaba.

Hattara: kada tsakuwa ko gam su shiga inda harshen mararraba ke motsi. Bar wurin kusan fayau, ka riƙa juya ta lokaci-lokaci yayin da gam ke bushewa. Idan kuma yashin rafi za ka tankaɗe a madadin ta kanti, wanke shi, shanya shi, sannan ka bi shi da maganaɗisu. Duk ƙwayar ƙarfen da ka bari, motar jirgi za ta zuƙe ta.

10. Gine-gine

A nan ka sake. Sito ɗaya, dakalin lodi, katanga, da allon baya mai launin sama sun isa. Kamfanonin Metcalfe da Superquick suna sayar da gine-ginen kwali da ake yankawa a liƙa, amma kwalin banza da wuƙa mai kaifi suna yin abin mamaki. Roye England, wanda ya kafa gidan tarihin Pendon kusa da Oxford a 1954, da kwali da fentin ruwa ya yi ƙananan gidajen ƙauyen Ingila, ya ƙarar da rayuwarsa a kansu har ya rasu a 1995, kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da wurin har yau. A OO, milimita 4 ita ce ƙafa ɗaya ta awo a girman gaske, saboda haka mutum wajen milimita 23 ne, ƙofa kuma 27. Ajiye ɗan mutum ɗaya a gefe ka riƙa gwada komai da shi.

Wasu sun tambaye ni ko za a iya yin tashar Kano ta zamanin dalar gyaɗa. Za a iya, kuma ina fatan wani ya yi. Sai dai tsohon layin da ya iso Kano a 1911 tazararsa milimita 1,067 ce, ya fi na Ingila ƙunci. Mai son daidaito zai yi amfani da sikelin HO a kan layi mai milimita 12, ya kuma ƙera yawancin taragunsa da hannu. Aiki na biyu ne wannan, ko na uku.

Hattara: kafin ka liƙa kowane gini kusa da layi, wuce da taragonka mafi faɗi da kan jirgi ta gabansa.

11. Yadda ake wasan

Jera tarago 5 a dogon reshe, 3 a ɗaya daga gajerun, ɗayan ya zauna fanko. Yi kati 8, kowane da sunan tarago ɗaya. Cuɗa su ka zari 5. Aikinka shi ne ka haɗa waɗannan biyar a dogon reshe bisa jerin da suka fito, ba tare da ka ɗaga ko ɗaya da hannu ba. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Don raba ƙugiya, liƙa ɗan fallen roba a bakin tsinke ya yi kamar ƙaramar fartanya, ka zura ƙarƙashin ƙugiyoyin ka ɗaga su tare.

12. Tsafta, da ranar da za ka fita da shi

Kafin kowane wasa, goge saman ƙarafan da tsumma marar gashi da ka ɗiga wa sifirit. Ƙafafun jirgi kuma da auduga mai tsinke. Mai, ɗigo ɗaya a bakin allura, a inda takardar kamfani ta nuna kawai. Yi wa katakon murfi na kwali ko leda tun ranar farko.

Hattara: samfefa ba ta taɓa layi. Tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa a ciki, sai ka wayi gari kana gogewa kullum.

Idan ya yi wata guda yana aiki lafiya, ɗauke shi ka kai kulob, ko makaranta, ko duk inda yara ke taruwa. Santimita 122 na shiga kujerar bayan mota. Cire taragu ka naɗe kowane daban, kwantar da katakon kada ka tsayar da shi, ka riƙe ƙarfen dalma, mita da tsumma a jaka.

Idan kana inda ake da kulob, ka sa sunanka a takardar aikin baje koli. A farkon 2024 kulob ɗin Warley ya sanar da daina babban baje kolin da ya shafe kusan shekara 30 yana yi a babban zauren baje koli na NEC da ke Birmingham, kuma cikin dalilan da ya bayar har da tsufan masu aikin sa-kai. A namu kulob ɗin ma hannun Baba ya fara rawa, dalma ta fi ƙarfinsa yanzu, sai dai ya tsaya a kanka yana faɗa maka inda za ka taɓa. Aikin da ake nema ba mai wuya ba ne: ɗaukar tebura da yammacin Juma'a, jan wayar wuta, tsayawa a ƙofa da tikiti, kwashe kujeru ranar Lahadi. Idan ka kafa naka teburin, sa shi ƙasa-ƙasa yadda yaro da mai keken guragu za su gani, ka bar wajen mita ɗaya a bayanka don wucewa, ka zo da katunan nan 8. Yaron da ya daɗe a tsaye yana kallo, miƙa masa su ya zari biyar, ka nuna masa inda ake rage gudu, ka ba shi kwantirola.